Cocin Ƙasa na Navrongo: Ya Haura Shekara Ɗari Yana Tsaye

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka ɗaure dawa da gero aka zuba a rumbu, akwai maganar da ba ta rasa tasowa a taron dattawan ikilisiya a ƙauyukanmu na Rimin Gado, da Tofa, da Kabo. Maganar kuwa ita ce ta ginin coci. Wani zai tashi ya ce ɗakin sujadarmu na ƙasa ya zama abin kunya, a rushe shi a yi na bulo da kwano. Wani ya ce ina kuɗin? Sai a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, a roƙi ƙungiyar manoma ta ba da rance daga asusun taki. A wurare da dama an rushe tsohon ɗakin, an kai sabon ginin iyakar taga, kuɗi ya ƙare. Damina biyu ko uku jama'a suna sujada a ƙarƙashin rumfar kara, ga bashi a wuya.

Ba mu ce kada kowa ya yi ginin bulo ba. Amma kafin a ɗaga diga a kan tsohon bango, muna so mu ba ku labarin wani babban coci na 'yan Katolika da ke arewacin ƙasar Gana. Da ƙasa aka gina shi, irin wadda muke takawa kullum. Mutanen ƙauye ne suka gina shi, matan ƙauye suka yi masa ado, ya kuma cika shekara 100 a 2020 yana tsaye.

INA NE NAVRONGO?

Navrongo gari ne a can ƙuryar arewa maso gabashin Gana, kusa da iyakar Burkina Faso. Mutanen wurin Kasena ne da Nankana. Manoma ne kamarmu, suna noma gero da dawa da gyaɗa, suna kiwon shanu da awaki da zabi. Damina ɗaya gare su a shekara, sa'an nan hunturu da bazara, kamar dai a nan. Itatuwansu ma irin namu ne: ɗorawa, kaɗanya, kuka. Ruwan saman da suke samu bai kasa namu ba, har ya ɗan fi. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Ƙasar ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun san arewacin Gana tun kafin zuwan Turawa, har yau kuma akwai zangon Hausawa a garuruwan wannan yanki. Kalwar da muke yin daddawa da ita, su ma suna yi, sunan da ake kiranta da shi a Gana kuwa, dawadawa, daga bakinmu aka ɗauka.

A watan Afrilu na 1906 waɗansu 'yan mishan na Katolika su uku suka iso Navrongo daga Wagadugu. 'Yan ƙungiyar nan ne da ake kira Fararen Fada saboda farar rigarsu. Sunayensu Fada Chollet, da Fada Oscar Morin mutumin Kanada, da Birada Eugene. A lokacin gwamnatin Faransa tana takun saƙa da ikilisiya, shi ya sa suka nemi wurin zama a ƙasar da ke hannun Ingila, ko da za a kore su daga ƙasashen Faransa. Suka fara da ɗan ƙaramin ɗakin sujada. Da masu bi suka ƙaru aka yi wanda ya fi shi. A 1920 aka gama babban ginin da muke magana a kansa, aka sa masa sunan Uwargidanmu Mai Baƙin Ciki Bakwai, watau Maryamu uwar Yesu, don tunawa da baƙin ciki bakwai da ta sha, tun daga annabcin Saminu a Haikali da gudu zuwa Masar har zuwa gicciye da jana'izar Ɗanta.

ME AKE NUFI DA KATIDIRAL?

Waɗansu suna tsammani kowane ƙaton coci shi ne katidiral. Ba haka ba ne. Kalmar ta fito daga wata tsohuwar kalma mai ma'anar kujera. Katidiral shi ne cocin da aka ajiye kujerar bishop a cikinsa, inda yake zama ya koyar, ya naɗa fada-fada, ya shugabanci manyan bukukuwa. Kamar yadda ba girman soro ke sa a kira gida fada ba, sai don sarki yana zama a ciki. A nan jiharmu kujerar bishop ɗin Katolika tana Cocin Uwargidanmu ta Fatima a birnin Kano, Kano kuwa ta zama cikakkiyar diyosis a 1999.

Cocin Navrongo ya sami wannan matsayi a 1934, shekarar da aka naɗa Fada Morin bishop. Ku lura, ba a ce sai an rushe ginin ƙasa an yi na dutse kafin a kawo kujerar bishop ba. A cikin ɗakin ƙasan nan aka ajiye ta. A shekara ta 2000 gwamnatin Gana ta sa shi cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta lissafa su cikin kayan tarihi na duniya. A 2006 kuma, da mishan ɗin ya cika shekara 100, Paparoma Benedict na 16 ya ba shi laƙabin basilika, watau girmamawa ta musamman da Roma take yi wa coci saboda tarihinsa.

YADDA AKA GINA SHI

Tsawon ginin mita 60 ne, watau kusan ƙafa 200. Faɗinsa mita 14, wajen ƙafa 46. A gaba akwai hasumiyar ƙararrawa mai tsayin mita 13, ita ma ta ƙasa. Duk wanda ya taɓa gina ɗaki mai ƙafa goma sha biyu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Siffar ginin ta Turai ce, amma kayan aikin da hannuwan na gida ne. 'Yan mishan suka zo da tsarin cocin ƙasarsu: dogon zaure a tsakiya, da baranda ta ciki dama da hagu, ƙofa da hasumiya a gaba, bagadi a can ƙurya. Sababbin masu bi na Navrongo su suka haƙo ƙasa, suka ɗebo ruwa, suka kwaɓa, suka buga bulon ƙasa suka shanya a rana, suka jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a gasa shi ba. Bambancinsa da tubalinmu kaɗan ne. Namu da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, nasu kuwa mai kusurwa huɗu ne. Ƙasa dai ita ce ƙasa.

Babbar matsalar mai gina babban ɗaki ita ce rufi. Itace yana da iyakar tsawon da zai ɗauki nauyi bai lanƙwashe ba. Maginanmu sun san azara ɗaya ba ta wuce wajen ƙafa shida tsakanin bango da bango in za a ɗora mata ƙasa. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin ƙafa 46? A Navrongo sai aka tsayar da ginshiƙai na ƙasa layi biyu daga ƙofa har bagadi. Suka raba faɗin ɗakin kashi uku, kowane kashi ya zama daidai abin da itace zai iya haye wa. Ginshiƙan nan suna ɗauke da nauyin rufi, suna kuma jan idon wanda ya shigo su kai shi kai tsaye ga bagadi. Aiki biyu ke nan da dabara ɗaya.

Da farko rufin soro aka yi, itace da ƙasa a shimfiɗe, irin na gidajen wurin. Daga baya aka ɗora rufin kwano mai gangare. Wannan ma darasi ne. Mutanen ba su ce lalle sai komai ya zauna yadda kakanni suka yi ba. Inda suka ga sabon abu zai kāre ginin, sun karɓa. Inda na gida ya isa, sun bar shi.

ABIN DA KE CIKI

Wanda ya shiga, abin da ƙafarsa za ta fara takawa daɓe ne. An yi shi da tsakuwa da aka bubbuge, da kashin shanu, da ruwan ɓawon ɗorawa. Iyayenmu mata ba sa bukatar a yi musu bayani. Makuba ce. Ita ce dai wadda ake jiƙawa a yayyafa ana bugu da madaɓi ana waƙa, har daɓe ya yi jawur ya yi ƙarfi kamar dutse. Abin da waɗansu 'ya'yanmu suke ganin ƙauyanci ne a ɗakin amarya, shi ne a shimfiɗe a cocin da Paparoma ya girmama.

Ga waɗanda ba su saba shiga cocin Katolika ba, bari mu faɗi kayan da ake samu a ciki da amfanin kowanne, don a gane abin da maginin yake yi wa wuri. Bagadi shi ne tebur ɗin da ake yin Jibin Ubangiji a kansa, shi ne zuciyar ɗakin, dukan ginin shi yake fuskanta. Kusa da shi akwai mumbari inda ake karanta Littafi Mai Tsarki a yi wa'azi. Akwai ɗan akwati mai makulli inda ake ajiye gurasar da aka keɓe, da fitila tana ci a gefensa dare da rana. Akwai wurin baftisma. A jikin bango akan jera alamu goma sha huɗu na Hanyar Gicciye, daga hukuncin Bilatus har zuwa kabari, masu bi suna bin su ɗaya ɗaya suna addu'a, musamman a lokacin azumi. A katidiral kuma sai a ƙara kujerar bishop. Ƙararrawa tana sama a hasumiya, ita ce agogon gari a zamanin da ba kowa ke da agogo ba.

Ba ko ɗaya cikin waɗannan da aka ce lalle sai an sayo shi daga Turai. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Roma daga 1962 zuwa 1965 ya bayyana cewa ikilisiya ba ta da wani salon zane ko gini guda ɗaya da ta ce shi ne nata, kowace al'umma tana iya kawo gwanintarta cikin ɗakin Allah muddin an yi da ladabi. Wannan ya buɗe ƙofa ga abin da ya faru a Navrongo bayan 'yan shekaru.

AIKIN MATAN SIRIGU

Shekara hamsin da wani abu bangon cocin ba shi da adon da aka san shi da shi yanzu. A cikin shekarun 1970 aka gayyato mata daga Sirigu, wani ƙauye da ba shi da nisa da Navrongo, su yi wa cikin ɗakin ado. A ƙasarsu maza ke gina gida, mata ke yaɓe da zane. Da rani, bayan an gama aikin gona, matan gida da maƙwabta sukan taru su yi wa ɗakuna sabon yaɓe, su zana su ciki da waje. Uwa take koya wa 'yarta, babu makaranta, babu takarda.

Ga yadda suke yi. Sukan kwaɓa ƙasa mai laushi da kashin shanu su shafe bango. Tun yana ɗanye sai su ɗora ƙasa a inda suke so siffa ta fito, su mulmula ta da hannu, har a ga dabba ko mutum ya ɗago daga jikin bango. Sa'an nan su goge da ɗan dutse mai santsi har fuskar bangon ta yi sumul. Launinsu uku ne, dukansu daga ƙasa: ja daga jar ƙasa, fari daga farin dutse mai laushi, baƙi daga baƙar ƙasa. Idan zane ya bushe sai a dafa ɓawon ɗorawa a yayyafa ruwan a kai. Shi ke kama launin, ya sa bango ƙyalli, ya hana ruwa shiga.

A gidajensu sukan zana mesa, da kada, da shanu, da zane mai kusurwa uku da suke kira fasasshiyar ƙwarya, da wani mai kama da ragayar da mace take rataya ƙorai a ciki. Kowanne da ma'anarsa. Saniya dukiya ce. Fasasshiyar ƙwarya kuwa tana tuna wa mutum cewa ko abin da ya fashe yana da sauran amfani a hannun mace mai tattali.

Da suka shigo coci ba su bar hannunsu a gida ba. Suka yi wa bango da ginshiƙai irin zanensu na ja da baƙi da fari, suka fito da siffofin dabbobi da na harkokin yau da kullum. A tsakaninsu kuma suka sa mala'iku da labarun Littafi Mai Tsarki. Wajen shiga akwai haihuwar Yesu a Baitalami, da Jibin Ƙarshe da ya ci da almajiransa. Manomin da bai iya karatu ba, in ya shigo, zai ga labarin a jikin bango da irin zanen da ke ɗakin uwarsa. Ba sai an gaya masa cewa gidan nan nasa ne ba.

Akwai abin da ya shafi ƙungiyoyinmu a nan. Da kwano da siminti suka yawaita, sana'ar zanen bango ta fara mutuwa a Sirigu, 'yan mata suna tafiya kudu neman aikin dako. A 1997 wata tsohuwar malamar makaranta 'yar garin, Melanie Kasise, ta tara matan suka kafa ƙungiyar masu ginin tukwane da zane, wadda ake kira SWOPA a taƙaice. Suka shiga koya wa yara, suna sayar da tukwane da kwanduna, suna yin zanen a kan ƙyalle don baƙi su saya. Har Kofi Annan ya ziyarce su a 2002, lokacin yana Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Sana'ar da aka rena ta koma abin biyan kuɗin makaranta.

ME YA HANA SHI FĀƊUWA?

Kada wani ya ce ƙasar Navrongo ta fi tamu, ko ruwa ba ya dukanta. Mun riga mun faɗa, ruwansu ya fi namu. Ginin ya sha wahala irin wadda kowane ginin ƙasa yake sha. Abokan gāban bangon ƙasa uku ne, mun kuwa san su: ruwan da ke zubowa daga sama, damshin da ke tasowa daga ƙasa, da gara.

Abin da ya tsirar da shi shi ne ba a taɓa barinsa ba. Kullum akwai masu sujada a ciki, akwai idon da zai ga tsaga tun tana ƙarama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 aka yi masa babban gyara. Hukumar kula da kayan tarihi ta Gana ta haɗa kai da ikilisiya da wata cibiyar masanan ginin ƙasa da ke Grenoble a Faransa, mai suna CRATerre. Masanan nan ba su zo da shawarar a rushe a zuba kankare ba. Da ƙasa aka gyara ƙasa, magina da matan wurin suka yi aikin.

Dokar da masanan ginin ƙasa suke koyarwa ko'ina gajeriya ce: a ba gini hula mai kyau da takalmi mai kyau. Hula ita ce rufin da ba ya yoyo, mai baki da ya zarce bango, ko indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa. Takalmi shi ne gindin bango da aka ɗaga, aka yi masa gangare don kada ruwa ya kwanta. Sauran kuwa yaɓe ne a kan kari. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka gina da ƙasa a 1907, duk shekara mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Sun mai da aikin biki.

Wani gargaɗi kuma. Mutane da yawa suna tsammani in aka shafe bangon ƙasa da siminti an huta. Ba haka abin yake ba. Ƙasa tana shan damshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin damshi ya fita. Ruwa yakan shiga ta 'yar tsaga ya maƙale a bayan simintin, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, gara ta sami hanya ba mai ganinta. Wata rana sai plasta ta ɓamɓaro gaba ɗaya da rabin bangon. Yaɓen ƙasa da makuba ya fi zama lafiya da bangon ƙasa, gama jinsinsu ɗaya.

NAMU NA GIDA

Ba sai mun je Gana kafin mu ga abin da ƙasa take iyawa ba. A gaskiya maginan ƙasar Hausa sun kai inda na Navrongo ba su kai ba wajen rufi. Su suka san ɗaurin guga da bakan gizo, inda ake jera azara ana ɗaure ta hawa hawa, ana lulluɓe ta da ƙasa, har ta tanƙwaro daga bango biyu ta haɗu a tsakiya, a rufe babban ɗaki ba ginshiƙi ko ɗaya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, masana gini na duniya suna zuwa kallonsa. A birnin Kano ga Gidan Makama, ga soraye na Gidan Rumfa. A Wusasa kusa da Zariya akwai cocin Bartalamawus na 'yan Angilika, wanda aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa wajen 1929. A Wagadugu ma katidiral ɗin Katolika da aka gina daga 1934 zuwa 1936 da bulon ƙasa aka yi shi.

Muna da birji, muna da ramno na kwaɓi. Muna da makuba. Kakanninmu sun san laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, a shafe soro ruwa ya bi ta kai ya wuce. Muna da masu zanen dagi a fuskar zaure. Abin da yake ƙarewa shi ne mutanen da suka iya, da itatuwan da aikin yake bukata. Tsofaffin magina suna mutuwa, 'ya'yansu sun koma buga bulo. Giginya ta yi wuya, ita kuwa sai ta yi shekaru da yawa kafin a sami azara a jikinta. Ɗorawa ana sarewa a yi gawayi, ba a dasa wata. Ranar da ɗorawa ta ƙare a gonakinmu, ba daddawa kaɗai muka rasa ba, har da makuba.

A AUNA KAFIN A YANKE

Don a yi adalci, ga abin da kowane gini yake da shi.

Ginin bulo da kwano yana tashi da sauri in akwai kuɗi. Ba ya bukatar yaɓe kowace shekara. Amma kusan kome nasa da kuɗi ake saye, siminti, da rodi, da katako, da ƙusa, da kuɗin mota, kuɗin kuwa birni yake tafiya ba ya dawowa. In an rage siminti don a sami bulo da yawa, bangon ba zai kai na ƙasa ƙarfi ba. Ga zafi. Kowa ya san yadda cocin kwano marar silin yake a watan Afrilu da tsakar rana, tsofaffi suna gyangyaɗi, jarirai suna kuka. In kuwa ruwa ya sauko ba mai jin mai wa'azi.

Ginin ƙasa yana cin ƙarfi da lokaci. Yana son a duba shi kowace shekara, in aka yi sakaci damina biyu zai nuna. Amma yawancin abin da yake ci gumi ne, ba kuɗi ba, guminmu kuwa da rani yana nan a ajiye. Ɗan kuɗin da za a kashe, magini da mai jaki da mai makuba na garinmu za su ci. Bango mai kauri yana shanye zafin rana sannu a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa, shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da ɗumi a daren hunturu.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: harsashi na dutse, bango na ƙasa mai kauri, rufin kwano mai faɗin baki, da silin na zana ko asabari a ƙarƙashinsa don zafi da ƙara.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI A RANIN NAN

Na ɗaya, kafin a yi maganar rushewa, a kira tsohon magini ya zagaya ginin tare da dattawa. Ya duba gindin bango, da azara, da inda ruwa yake kwanciya. Sau da yawa abin da ake tsammani mutuwa ce, ciwo ne mai magani.

Na biyu, a sa ranar gayya ta yaɓen coci kowace shekara, a rubuta ta cikin kalandar ikilisiya kamar yadda ake rubuta ranar godiyar kaka. A yi ta kafin ruwan farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, bayan kowane babban ruwa a sa mutum biyu su duba indararo da rufi, su share ciyawa da tarkace daga gindin bango, su cike duk ramin da ruwa ya haƙa. A kankare hanyar gara da zarar an gan ta.

Na huɗu, a ba zumuntar mata cikin ɗakin. Su yi daɓe, su yi shawara a kan adon da ya dace da wurin sujada, tare da fasto ko katikis. Matan da suka iya zanen ƙwarya, da saƙar faifai da tabarma, da ɗinkin hula, ba za su kāsa yi wa bango da bagadi ado ba. Tabarmar kaba, da ƙoran baiko, da kujerar da masassaƙin garinmu ya sassaƙa ba su da abin kunya a gaban Allah.

Na biyar, a haɗa samari biyu ko uku da tsohon magini su koyi aikin tun yana da rai, ƙungiya ta ɗauki nauyin abincinsu. Wanda ya iya ginin coci zai iya ginin rumbu da ɗakin ajiyar taki na ƙungiya.

Na shida, a lokacin ɗorawa a tara ɓawon kada a zubar. Kowane ɗan ƙungiya kuma ya dasa ɗorawa a gonarsa, ya binne ƙwallon giginya a kan iyaka, ya kāre su daga awaki. Ba mu za mu yanki azarar ba, jikokinmu ne, kamar yadda mu ma ba mu muka shuka wadda ke kanmu ba.

Na bakwai, in ikilisiya ta yi yawa har ɗakin ya kāsa, aka ga lalle sai sabon gini, to, kada a taɓa asusun taki da iri. Kada kuma a rushe tsohon sai an rufe sabon. Tsohon ɗakin zai yi ajin yaƙi da jahilci, ko wurin taron ƙungiya, ko ɗakin awon jarirai.

Mutanen Navrongo na 1920 ba su fi mu dukiya ba. Ba su da mota, ba su da siminti, ba su da asusu a banki. Suna da ƙasa, da ruwa, da ɗorawa, da haɗin kai, suka kuma haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su ji kunyar gyara abin da aka bar musu ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, a tattauna. Inda kuma akwai tsohon ɗakin sujada na ƙasa da har yanzu ake amfani da shi, ko magini da ya iya ɗaurin guga, a aiko mana da labari ta hannun malamin gona na yankinku, domin sauran 'yan'uwa su san inda za su je su gani da idonsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.